Wai da gaske ne aikin rage tumbi yana maganin ciwon suga?

Baban_Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema daga masu sani, musamman in akwai likita a nan ko wanda aka taɓa yi wa wannan aikin ko aka yi wa nasa.

Shekarata 44, ɗan kasuwa ne ni a Kano, bana shekara bakwai kenan da aka ce min ina da suga, irin na manya ɗin nan da suke cewa nau'i na biyu. Da farko metformin kawai nake sha, daga baya aka ƙara min gliclazide, to watan jiya da na koma asibiti aka yi min gwajin nan na wata uku, HbA1c, ya fito 9.4, likitan ya dube ni ya ce Alhaji in ba mu ga sauyi ba nan da wata uku sai dai mu fara allurar insulin. Wlh tun ranar ban ƙara yin barcin kirki ba, don mahaifinmu Allah ya jiƙansa da wannan ciwon ya rasu, aka fara da yanke yatsu biyu aka ƙare da ƙafar gaba ɗaya, kuma ni na yi jinyarsa, ba labari aka ba ni ba.

Matsalar ina da jiki sosai, kilo 121 sikeli ya nuna, tsawona mita 1.72, ga hawan jini ga munshari har uwargida ta ce wani lokacin numfashina ɗaukewa yake yi cikin barci sai ta taɓa ni. Dayat kuwa babu irin wanda ban yi ba, na koma tuwon alkama na koma acca na bar lemon kwalba, in sauke kilo biyar in mayar da bakwai, kun dai san zaman kasuwa daga shago sai masallaci sai mota, kuma duk wanda ya buɗe kula a layinmu sai ya ce maka bismillah.

To shi ne wani abokin cinikina ya ce min an yi wa surukinsa aikin rage tumbi a Masar, tun daga nan ya watsar da maganin suga kwata-kwata, har ya haɗa ni da wani ejan a WhatsApp da ya ce kwana bakwai ne kacal da tafiya da aikin da dawowa, biza da otal duk yana ciki. Ni dai abin ya ɗaure min kai, mene ne haɗin yanke tumbi da sugan da ke cikin jini? Warkewa ake yi da gaske ko dai tallar ejan ce? Ana mutuwa a wajen aikin? Ya batun azumi? Kuɗin ba ƙarami ba ne, sai na taɓa jari, shi ya sa nake son jin gaskiya kafin in motsa. Na gode.

MaiGaskiya77

Wslm. Alhaji ka rufa wa kanka asiri kada ka bari wani kato ya farke maka ciki a kasar da baka san kowa ba. Cikin da Allah ya baka cikakke kaje a yanke maka rabi da kudinka? Iyayenmu da garahuni da shuwaka da hulba suka rayu. Ka samu garahuni ka rika jikawa kana sha safe da yamma, ka hada da zogale, ka rika tattaki bayan asuba, kuma ka rike sunnar nan ta raba ciki uku, daya abinci daya ruwa daya numfashi, wlh ko ita kadai ka rike ta isheka. Wadannan ejan din kudinka kawai suke hange.

Likitan_Dare

Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba ya ba ka lafiya. Ni likita ne amma ba mai tiyata ba, ɓangaren marasa lafiya manya nake, masu suga su ne rabin waɗanda nake gani. Zan ɗan ja bayanin ka yi haƙuri, ina bakin aikin dare ne wod ɗin ya yi shiru.

Aikin gaskiya ne ba tallar ejan ba. Abin da ejan ba zai faɗa maka ba shi ne mu ba ma kiransa warkewa, lafawa muke cewa, wato HbA1c ya sauka ƙasa da 6.5 ya zauna a nan aƙalla wata uku ba tare da kana shan maganin suga ba. Ciwon ya kwanta ne, kuma wanda ya kwanta yana iya tashi.

Iri biyu aka fi yi yanzu, duka ta ƙananan huji ake shiga da kyamara ba farke ciki ake yi ba. Akwai silib, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi waje, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, wannan babu mayarwa har abada. Akwai kuma baifas, a ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba a jona shi da hanji can ƙasa, sai abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji.

Tambayarka ta mene ne haɗinsu, su kansu likitoci abin ya ba su mamaki da farko. Don rage ƙiba aka ƙirƙiro aikin ba don suga ba, sai masu tiyata suka lura mutum sugansa yana sauka cikin 'yan kwanaki bayan baifas tun kafin ya sauke wani kilo na a zo a gani. Wani likitan tiyata a Amurka, Walter Pories, ya wallafa sakamakon ɗaruruwan marasa lafiyarsa a 1995 ya nuna haka, daga nan aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci. Abin da ke faruwa, hanji ba bututun abinci kawai ba ne, yana fitar da sinadarai cikin jini, akwai wani GLP-1 da ƙasan hanji ke saki idan abinci ya iso shi, shi ke zaburar da jiki ya saki insulin kuma ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, to bayan aikin abinci yana isa can da wuri sai sinadarin ya yi yawa. A silib kuma ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa. Sannan ga ƙarancin cin da kansa, kitsen da ya taru a hanta yana narkewa da sauri, hanta ta daina zuba suga cikin jini ba ƙaƙƙautawa, insulin ɗin jikinka ya dawo yana jin magana.

Ga alƙaluma don ka auna da kanka. A birnin Kilibland na Amurka an raba masu suga 150 gida uku, wasu magani zalla mai ƙarfi, wasu baifas, wasu silib. Bayan shekara biyar, sakamakon ya fito a 2017, waɗanda HbA1c ɗinsu ya kai 6.0 ko ƙasa, da magani ko babu: kashi 29 cikin 100 a baifas, 23 a silib, 5 a masu magani zalla. Ka ga tazarar tana da yawa, amma ka lura ko a baifas ɗin ba su kai ɗaya cikin uku ba, duk da cewa saura ma yawancinsu sugan ya yi sauƙi sosai kuma maganin da suke sha ya ragu. A Suwidin kuwa sun daɗe suna bibiyar mutanensu, bayan shekara biyu da aiki kashi 72 sugansu ya lafa, da aka kai shekara 15 saura kashi 30. Wato surukin abokinka ina tambaya, yaushe aka yi masa? In bara ne to yana cikin zumar abin tukuna. Sai dai a wancan binciken na Suwidin an ga waɗanda aka yi wa aiki sun fi tsira daga lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi, kuma a wajena wannan ya fi batun jefar da ƙwaya muhimmanci, don shi ne abin da ya cinye ƙafar Baba.

Ko ka cancanta? Ka ninka tsawonka da kansa, 1.72 sau 1.72 ya ba da kusan 2.96, ka raba 121 da shi, BMI ɗinka, wato ma'aunin ƙiba, wajen 41 ne. Manyan ƙungiyoyin masana suga sun zauna a Landan a 2015 suka fitar da matsaya a 2016 cewa mai suga nau'i na biyu da ya kai 40 a ba shi shawarar tiyata, daga 35 ma in sugan ya ƙi saituwa, har daga 30 ana iya dubawa. Ga hawan jini ga ɗaukewar numfashi a barci. A takarda kam kana ciki dumu-dumu. Kuma waɗanda suka fi samun lafawa su ne waɗanda ciwon bai daɗe ba kuma ba su fara insulin ba, shekara bakwai ba farko ba ne amma ba a makara ba. Akwai gwajin jini C-peptide da ke nuna ko jikinka har yanzu yana samar da insulin na kirki, ka nemi a yi maka.

Mutuwa ana yi amma kaɗan, a wuraren da suka ƙware bai wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba, kusan daidai da aikin cire matsarmama. Ka riƙe kalmar "wuraren da suka ƙware". Abin da ke ba ni tsoro a maganarka shi ne kwana bakwai ɗin nan. Babban hatsarin aikin shi ne ɗinkin ciki ya yi yoyo, kuma yana iya bayyana bayan sati ɗaya ko biyu, da zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon kafaɗar hagu, a lokacin kai kana gida Kano likitan da ya yi aikin yana Alƙahira ejan ya kashe waya. Ga gudan jini da kan daskare a ƙafa ya tafi huhu, mai jiki da aka yi wa aiki ya zauna awanni a kujerar jirgi shi ne abincinsa.

Auta_Bichi

Likita wai ba shi ne wanda mata suke zuwa a zuƙe musu kitsen teɓa ba? Na ɗauka duk abu ɗaya ne

Likitan_Dare

A'a Auta, hanyar jirgi daban ta mota daban. Zuƙe kitse aikin kwalliya ne, kitsen ƙarƙashin fata ake ja da bututu, shi kuwa wanda ke haddasa suga yana can ciki ya naɗe hanji ya cika hanta, bututu ba ya kai wa gare shi. An ma gwada a Amurka a 2004, aka zuƙe wa mata masu ƙiba kusan kilo 10 na kitse kowacce, aka sake auna yadda jikinsu ke amsa insulin, babu abin da ya canza. Gara da ka tambaya don na taɓa ganin wadda ta biya kuɗin wancan tana zaton maganin suga ta saya.

Ummu_Sadiq

Salam. Yaya Baban Hanifa ni an yi min, baifas, a Indiya, bana shekara huɗu. Bari in ba ka nawa ɓangaren tunda likita ya ba ka na littafi.

Na tafi ina kilo 112 ina allurar insulin safe da dare, kafin a sallamo ni daga asibiti an tsayar da allurar, wlh ranar da na gwada suga da safe na ga 98 ba tare da na sha komai ba kuka na yi ta yi mijina yana ba ni haƙuri. Nauyina ya sauka har kilo 74. Gwiwoyina suka daina ciwo, na koma yin sallah a tsaye bayan shekara uku ina yi a kujera. Wannan duk gaskiya ne kuma ko yau aka mayar da ni baya zan sake yi.

Amma fa kada kowa ya ce maka hanya ce mai sauƙi. Tun kafin aikin sai da na yi sati biyu ina shan ruwa-ruwa kawai wai don hanta ta ragu su samu wurin aiki, bayan aikin ma sati biyu romo da madara da kindirmo marar suga ana kurɓa kamar magani, sannan abinci mai laushi kamar na yaye, sai wajen wata biyu na fara cin abincin mutane shi ma cokali uku huɗu na ƙoshi. Tuwo kuwa har yau loma biyu zuwa uku ce, in na ƙara ɗaya sai in ji kamar an dasa min dutse a ƙirji sai na amayar. Ba a haɗa ci da shan ruwa, sai ka jira kamar rabin awa, wannan ya fi komai ba ni wuya a zafin Kano.

Akwai ranar da ba zan manta ba, bikin 'yar yayata wata biyar da aikin, aka kawo fura da nono mai sanyi an zuba mata suga, na ce kofi ɗaya me zai yi, minti goma sha biyar ba a yi ba gumi ya keto min zuciyata tana dukan uku-uku ga jiri ga murɗawar ciki, a banɗakin gidan biki na ƙare yinin, mata suna ta cewa a kira mai ruƙiyya. Ashe abin zaƙi in ya faɗa hanji kai tsaye haka yake yi, an gaya min a asibiti ni ce na yi kunnen ƙashi.

Gashina ya zube sosai daga wata na uku zuwa na shida, ya dawo daga baya. Fata ta saki a hannu da ciki. Sai bakin mutane, wannan babu wanda ya shirya ni a kansa, wasu suka ce ciwon zamani ne ya kama ni wasu suka ce sammu ne, wata ƙanwar babana har gida ta zo ta tsare mijina wai ba ya ba ni abinci. Ku maza ma ba za ku tsira ba, a kasuwa ana ganin Alhaji ya zabge za a fara cewa ya karye.

Magani kuma ba daina sha za ka yi ba, canza shi za ka yi. Bitamin kullum har ƙarshen rayuwa, da kalsiyam da bitamin D da maganin ƙarin jini, allurar B12 duk wata uku, gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Na taɓa sakaci na wata biyar lokacin da kuɗin komai ya tashi, jinina ya yi ƙasa har ƙafafuna suka fara dindiris kamar ana tsira min allura, na ɗauka sugan ne ya dawo ashe B12 ne. Su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis kamar gyaɗa an hana ni su kwata-kwata don suna kawo gyambo a wajen ɗinkin. Mata kuma ana cewa kada a ɗauki ciki sai bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Azumi, shekarar farko likitan ya hana ni don ba zan iya shan ruwan da zai ishe ni tsakanin magariba da asuba ba, na rama daga baya, yanzu ina yi lafiya lau amma buɗa-baki dabino ɗaya ne da ruwa sai in yi sallah in dawo in ci kaɗan, ba kunun nan mai suga kofi biyu ba. Malamin da na tambaya kafin in tafi ya ce min tunda don lalura ce ba don ado ba neman magani ne, amma kai ma ka tambayi wanda ka yarda da shi.

Yanzu ina kilo 81, kuma watan Sha'aban da ya wuce HbA1c ya ɗan haura zuwa 6.7 an mayar da ni kan metformin ƙwaya ɗaya. Ban ji daɗi ba amma ina ƙwaya ɗaya ina allura biyu.

Yar_Zazzau_a_Ingila

Sannu Alhaji, ya jiki. Ni nas ce a nan Ingila. Ina goyon bayan duk abin da likita ya faɗa, ƙari kawai zan yi.

A nan ba a kai mutum ɗakin tiyata haka kawai, sai ya shafe watanni yana ganin masanin abinci, a duba barcinsa, a zauna da shi a ga ko cin nasa na damuwa ne, mai shan taba sai ya bari. Jiran yana da tsawo shi ya sa wasu ke tsallakawa Turkiyya don araha da sauri, kuma muna karɓar masu dawowa da matsala, har gwamnatin nan ta sa gargaɗi a shawarwarin tafiya cewa akwai 'yan ƙasarta da suka mutu bayan aikin asibiti a can. Ba wai ƙasashen ba su da ƙwararru ba ne, akwai su sosai a Turkiyya da Masar da Indiya, tsarin je-ka-dawo ɗin ne matsalar. Su fa waɗannan suna da asibitin da zai karɓe su kyauta in sun dawo.

Na biyu, ba wuƙa kaɗai ke sa suga ya lafa ba. Akwai binciken da Farfesa Roy Taylor na Niyukasil da abokin aikinsa Mike Lean na Gilasgo suka jagoranta, ya fito a 2017, aka ɗora masu suga kan abinci na ruwa-ruwa mai kalori 800 da ɗoriya a rana na wata uku zuwa biyar, sannan aka riƙa dawo musu da abinci a hankali ana bibiyarsu. Bayan shekara ɗaya kashi 46 sugansu ya lafa, bayan biyu 36, waɗanda kuwa suka sauke kilo 15 ko fiye kashi 86 ne suka samu lafawa. Yanzu har asibitocin gwamnati na nan suna yi wa mutane wannan tsarin. Sai dai waɗanda aka gwada ciwonsu bai wuce shekara shida ba, kuma riƙe kilon bayan an sauke shi ne aikin, wanda kai ma ka faɗa da bakinka. Kuma dan Allah kada ka fara irin wannan da kanka kana kan gliclazide, suga zai iya faɗuwa ka sume a shago.

Sai allurar nan ta sati-sati, Ozempic da Mounjaro, sinadarin GLP-1 ɗin da likita ya ambata shi suke kwaikwaya, suna sauke suga da kilo sosai, amma tsada, kuma in ka tsaya yawancin kilon yana dawowa. Akwai jabu ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 kan jabun Ozempic da aka kama har a nan Ingila da Amurka da Barazil, to ka ga wanda ake tallarsa a Instagram sai a yi hattara.

MaiGaskiya77

To kun ji dai da bakinta, ga aman tuwo ga zubewar gashi ga magani har mutuwa, kuma sugan ya dawo. Ina ribar? Ita ma nas din ta fada rage ci ne maganin, abinda na fada tun farko kenan sai da bature ya fada zaku yarda

Likitan_Dare

Malam MaiGaskiya a kan rage ci da tattaki babu mai musu da kai, kuma raba ciki uku ni ma shi nake gaya wa marasa lafiyata. Inda muka rabu shi ne garahuni. Mutumin da HbA1c ɗinsa ke 9.4 yau ɗin nan sugan yana cin idonsa da ƙodarsa a hankali ba tare da ya ji zafi ba, kuma da yawa daga waɗanda ake kawo mana da ƙafa ta ruɓe sun ajiye ƙwaya ne sun koma jiƙe-jiƙe shekara guda. Iyayenmu kuma noma suke yi da ƙafa suke zuwa cin kasuwa.

Alhaji wani abu da na manta, kada tsoron allura ya tura ka ɗakin tiyata. Ba insulin ne ya yanke ƙafar Baba ba, shekarun da sugan ya yi a sama ne, mutanenmu suna ganin an fara wa mutum allura sannan ya lalace sai su ɗora mata laifi alhali an makara ne kafin a fara. Ko tiyatar za ka yi ma sai an fara sauko da sugan don ɗinki ya warke da kyau. Ka je a duba bayan idonka, a gwada fitsari da ƙoda, a duba tafin ƙafa. Akwai masu yin aikin a Legas da Abuja, in za ka iya samun wanda zai ci gaba da ganinka bayan aiki ya fi. In kuma waje za ka, ka tambaya da bakinka: wane likita ne zai yi, guda nawa yake yi a shekara, silib ko baifas kuma don me, tunda mai ƙwannafi silib yana iya ƙara masa, sati nawa za ka zauna kafin ka hau jirgi, wa zai karɓe ka a gida in wani abu ya taso.

Baban_Hanifa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya biya ku. Likita na tura wa ejan ɗin tambayoyin nan yadda ka rubuto su, amsar da ya ba ni saƙon murya ne na minti uku yana cewa in na biya kafin ƙarshen wata zai rage min dala ɗari biyu, sunan likitan ma bai faɗa ba. Surukin abokin nawa kuma na bincika, wata takwas ne da yi masa.

Na karɓi kati zan ga likitan suga ranar Talata, zan nemi gwajin C-peptide ɗin da na ido da ƙoda, in ya ce allura zan karɓa insha Allah duk da gabana yana faɗuwa. Maganar aikin ban ajiye ta ba gaskiya, musamman da na ji Hajiya ta koma sallah a tsaye, ni ma ruku'u ya fara yi min wuya. Malam MaiGaskiya tattakin asuba na ɗauka, na fara jiya.

Hajiya Ummu Sadiq tambaya ɗaya, kada ki yi min dariya, nama fa? Ana iya cin tsire da naman sallah bayan aikin?

Ummu_Sadiq

Hhhh Yaya ai nama shi ake so ka fara ci kafin komai, da ƙwai da kifi da wake, sai in wuri ya rage ka sa shinkafa. Amma mai laushi, farfesu da dambun nama su ne abokaina, tsire tsinke ɗaya nake ci in yi ta tauna kamar mai jin haushinsa, soyayyen naman sallah da ya kwana biyu da kilishi kuwa sai da na shekara kafin su zauna min. In ka tashi tafiya ko ina ne ka tabbata ka karɓo takardar bayanin aikin da aka yi maka da Turanci ka yi mata hoto a waya, ni sau biyu ina zuwa asibiti a nan ana tambayata wane iri aka yi min, ita na nuna.